Sitiyarin tsohuwar Marsandi ya yi nauyi bayan gyara: abin da za a duba kafin a sayi akwati

Tambaya daga wani Alhaji a Mabera, Sakkwato: Na tayar da Marsandi 230E ta 1982 da mahaifinmu ya bari, bayan ta yi shekaru a ajiye. An sauke inji an gyara, an yi fenti, an sake kujeru, an sa tayoyi masu faɗi. Komai ya yi daidai sai sitiyari. Yana da nauyi in za a yi fakin, musamman da rana in mota ta ɗau zafi, yana ƙugi in an murɗa shi har ƙarshe, mai yana ɗiga, sannan a kan hanya yana wasa a tsakiya. An canza famfo da na Kwatano, ba ta sake zani ba. Yanzu bakanike ya ce akwatin sitiyari za a saya. In saya?

Amsa:

Alhaji, ranka shi daɗe. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa albarka a abin da ya bari. Kada ka sayi akwatin tukuna. Yana iya yiwuwa a ƙarshe shi ɗin ne, amma daga abin da ka zayyana babu wanda ya gwada shi, balle a ce an kama shi da laifi. An canza famfo bisa zato, yanzu kuma za a canza akwati bisa wani zaton, alhali akwatin ya fi famfon tsada nesa ba kusa ba. A garejojinmu da zarar sitiyari ya yi nauyi abin da za ka fara ji shi ne "wanga famfo ya gaji, a sawo wani", kuma a yawan motocin da suka biyo ta hannuna famfon shi ne wanda aka fi zargi, shi ne kuma ya fi ƙarancin laifi.

Abin da ka kawo a matsayin matsala ɗaya, ni uku nake gani. Nauyi daban, ƙugi da yoyo daban, wasan tsakiya kuma daban. Famfo ba shi da hannu a wasan sitiyari ko kaɗan, ko sabo dal aka ɗaura daga kwali wasan yana nan. Sannan motarka ba irin wadda take kan hanya kullum ba ce har wani abu ya ƙare a hankali. Ta daɗe a tsaye, robobinta sun bushe, giris ɗinta ya daskare, daga baya hannuwa da yawa suka wargaza ta suka mayar. A irin wannan mota wurare biyu ake fara tuhuma: abin da zama ya busar, da abin da hannu ya taɓa lokacin gyara.

Ga yadda abin yake aiki a wannan ƙirar, wadda kamfanin ya sa wa lamba W123 ya kuma ƙera ta daga 1976 zuwa farkon 1986. Bel yana tasowa daga fulin inji ya juya famfo. Kofin mai yana kan famfon, kuma a ƙasan kofin akwai filta. Famfo yana tura mai ta tiyon matsi zuwa akwatin sitiyari, wanda ke ɗaure a jikin shasi ta gefen direba. A cikin akwatin akwai bawul da ke jin inda hannunka ya nufa, sai ya karkata man zuwa gefe ɗaya na fistin, man ya taya ka turawa. Daga ƙasan akwatin hannun ƙarfe yake fitowa, yana jan tayarod na gefen direba, yana kuma jan sandar tsakiya wadda ke kai motsin ga wani hannun mai bushin a gefen fasinja, shi kuma ya ja tayarod na wancan gefe. Akwai ƙaramar shokozoba a kwance da ke shanye girgizar hanya. Man da ya gama aiki yana komawa kofi ta tiyon dawowa. Duk abin da na lissafa yana iya kawo nauyi, kuma mafi yawansu kuɗinsu bai kai na cika tanki ba.

Fara da tayoyin nan, tunda duba su ba ya cin ko sisi. Motar ta fito da rim mai inci 14 da siririyar taya, 175 ko 195 gwargwadon injin. Ita kuma Marsandin wannan zamani an kwantar da ƙafarta ta gaba sosai, shi ya sa in ka murɗa sitiyari har ƙarshe za ka ga tayar ta kishingiɗa gefe. Ma'anarsa duk lokacin da kake murɗawa a tsaye, kana ɗan ɗaga gaban motar ne ba tare da ka sani ba. To a ɗora mata taya mai faɗin 225 a kan rim ɗin wata mota, wanda ya turo tayar waje, ka ga an ƙara wa famfo da akwati aikin da ba don shi aka yi su ba. Ka aro rim biyu na asali ka ɗaura a gaba na yini ɗaya, a sa iska daidai da abin da ke rubuce a cikin murfin tankin mai, wanda yake wajen bar 2, wato kusan 30 a gejin mai faci. In rabin nauyin ya tafi, ka san inda rabin kuɗinka zai tsira. Na san rim masu ƙyalli suna da farin jini, amma a ganina wannan motar ta fi kyau da nata na asali, kuma ta fi daɗin tuƙi da su.

Gwaji na biyu shi ne wanda yake raba gardama tsakanin ɓangaren ƙarfe da ɓangaren mai. A ɗaga gaban motar duka tayoyi biyu su bar ƙasa, a tokare ta da abin tokare na ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. Inji a kashe, ka murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali. Ya kamata ya tafi sumul da hannu ɗaya, nauyinsa iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. In ka ji yana cijewa a wani wuri, ko yana tafiya yana tsayawa, ko kana jin ƙiƙi-ƙiƙi daga ƙasa, to matsalar ta ƙarfe ce, kuma ko famfo goma aka canza ba za ta tafi ba. Daga nan sai a cire sandar tsakiya da tayarod daga hannun akwatin a sake murɗawa. In ya saki, akwatin ya fita daga zargin cijewar ƙarfe, sai a bi ƙafa: a kama kowace taya a juya ta da hannu, a motsa hannun gefen fasinja a ji ko tsatsa ta kama bushin ɗinsa, a cire ƙaramar shokozoba a ja ta a tura a ji ko ta lanƙwashe ko ta ƙage. In kuwa bai saki ba, saura akwatin da sandar da ta sauko daga sitiyari, kuma sau da yawa za ka tarar wani ne ya riga ya ɗaure notin gyaran akwatin, wanda ake rage wasa da shi, fiye da kima.

Boljoyin na ƙasa, wato mahaɗin da ƙafar gaba take juyawa a kansa, yana buƙatar magana ta musamman. A wannan mota shi yake ɗauke da nauyin gaba, kuma in robarsa ta yage a zaman da ta yi, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da ragowar giris, sai ya bushe ya fara kuka yana ƙin juyawa. Wanda ya kai wannan hali yana iya tsinkewa a kan tafiya, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. In an same shi a bushe, a ajiye motar sai an canza. Kuma duk aikin da zai kai ga sauke sifirin ɗin gaba, a tabbata mai yin sa yana da abin matse shi na wannan ƙirar, wanda ake zurawa ta ciki. Sifirin ɗin dogo ne, a matse yake ƙwarai, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

In ƙarfe ya fita lafiya, sai a koma kan bel, kuma a nan kunne yana da amfani. Ƙara mai tsini da ke tashi daidai lokacin da ka murɗa, ta bel ce tana zamewa. Ƙugi mai kauri da ke fitowa daga cikin famfo yana bin totur, na mai ne ko iska. Danna bel ɗin da babban yatsa a tsakiyar tazararsa, ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Amma a motar da aka yi wa fenti ba a nan kaɗai ake tsayawa ba. Cire bel ɗin ka leƙa cikin kwarin fuli. Masu fenti sukan fesa fuli gaba ɗaya don inji ya yi kyau, fentin cikin kwarin kuwa santsi gare shi in ya ji zafi. Ka kuma duba ko ƙasan kwarin yana ƙyalli. Bel da gefensa yake kamawa, in ka ga ƙasan ya goge to an sa wanda ya fi siriri, ya nutse har ƙasa, kuma duk yadda aka ja shi zai zame. Sai a yi ta ƙara ja har a kashe sil, wato robar da ke hana mai fita, da boris ɗin gaban famfo, daga nan yoyo ya fara. Tunda an sauke injin an mayar, kuma an kawo famfon wata mota, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na famfo ka ga ko suna kan layi ɗaya. Washa guda da aka manta a bayan ƙafar famfo ya isa ya karkatar da shi.

Yanzu buɗe kofin. Man wannan mota shi ne jan man giya na atomatik, wanda ake kira ATF, irin na Dexron. Mai lafiya ja ne garau kamar zoɓo. Ɗiga shi a farar takarda ka kai rana. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya dahu. In kana ganin ƙananan ƙyalƙyali a ciki, ƙarfe ne yake cin ƙarfe a wani wuri. In ya yi fari-fari yana kumfa, iska ce a ciki, kuma ita ce ta fi kawo irin ƙugin da ka ce. Ka tambayi yaran gareji kai tsaye, cikin lalama don su faɗi gaskiya, me aka zuba ranar da aka tayar da injin. Baƙin mai ya yi kauri da yawa. Koren man da ake sa wa motocin baya-bayan nan ba nata ba ne. Mafi muni shi ne man birki, domin yana kumbura duk robar da aka yi don man giya, ta yi laushi ta ruɓe. In har an taɓa zuba shi ko da kofin shayi ɗaya ne, wanki kaɗai ba zai wadatar ba, sai an canza sil na famfo da na akwati da tiyo duka.

Filtar nan da ke ƙasan kofi, da yawa daga masu gyara ba su san da ita ba, domin sai an tsotse man an ɗaga sifirin da farantin da ke danne ta sannan take bayyana. Zobe ce ta takarda, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da wadda ta zo da mota tun daga Jamus tana nan, ta yi baƙi ƙirin ta toshe. Famfon Kwatano da aka kawo maka ma da tasa tsohuwar filtar ya zo, kuma ina kyautata zaton babu wanda ya buɗe. Ka tuna kuma shekarunsa ɗaya da naka na asali, wataƙila ma ya fi shi shan wahala.

Akwai wani abu da ya shafi garinmu musamman. Mota takan yi watanni a wurin mai gyaran jiki da mai fenti, inji a ƙasa, bakunan tiyo a buɗe suna kallon sama. Ƙurar hunturu tana shiga, garin yashin goge fenti yana shiga. An taɓa kawo min wata irin taka, sitiyari kamar an kulle, famfo yana zafi har ba ya taɓuwa cikin 'yan mintoci. Da muka cire bututun dawowa muka hura iska, ko kaɗan ba ta wuce ba. Muka zura waya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa gutsi-gutsi, da guntun tsutsa a ciki. Zanzaro ne ya yi gini a bakin bututun lokacin da motar take jiran fenti, aka zo aka cusa tiyo a kai ba a duba ba. Man ya jiƙa lakar ya tura ta ciki ta toshe hanya. Shi ya sa duk tiyon da za a mayar sai an hura shi an ga iska ta fita ɗaya bakin. Tsohon tiyo kuma yakan saɓule ta ciki, waje lafiya lau, ciki kuwa wani leɓen roba ya faɗo yana tare mai. In na asali ne tun 1982, a canza duka biyun. Na matsi a kai wa masu matse tiyon tarakta da tifa su yi sabo a kan bakunansa na ƙarfe, domin kilif ba ya riƙe wannan matsin. Na dawowa kuma a sa wanda aka yi don mai, tiyon ruwa narkewa yake.

Wanke man ba shi da wuya. Gaba a ɗage, a cire tiyon dawowa daga kofi a sa bakinsa a galan, a toshe inda aka cire shi. Mutum ɗaya yana zuba sabon mai, ɗaya yana murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, inji a kashe. Fistin ɗin akwatin da kansa zai riƙa turo tsohon man. In aka tayar da inji, famfo zai kwashe kofin cikin daƙiƙoƙi ya ja iska, kuma famfon da ya yi gudu babu mai ya riga ya ji rauni. Abin da tsarin yake ci bai kai lita 2 ba, amma ka sayi 3 don wankin. In ja mai tsabta ya fara fitowa, a mayar da tiyo, a sa sabuwar filta, a cika har alamar da ke cikin kofin. Kada a cika maƙil, mai yana ƙaruwa in ya yi zafi. Sannan a ci gaba da murɗawa a hankali kamar sau ashirin, inji a kashe, har ƙwayoyin iska su daina tasowa. A tayar na ɗan lokaci, a kashe, a duba. In an ga kumfa, a bar ta rabin sa'a ta kwanta sannan a maimaita. Gaggawa a nan ita ce take sa a ce famfo ya lalace. In kuwa kumfar tana dawowa kullum bayan an fitar da ita, iska tana samun ƙofa, galibi ta sil ɗin bayan fuli ko ta bakin tiyon dawowa.

Maganar da ka yi cewa nauyin ya fi yawa da rana ita ce ta fi jan hankalina. Mai yana tsinkewa in ya yi zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ƙarƙashin bonet ya wuce haka sosai. Famfon da ya goge ta ciki, ko zoben fistin da ya ƙare a cikin akwati, suna iya riƙe mai mai kauri da safe, amma in ya tsinke sai ya riƙa sulalewa ta gefe. Bel mai zamewa ma da zafi ya fi zamewa. Da a ce da safe yake nauyi ya saki in ta yi zafi, da sai in ce man ne ya yi kauri ko bawul yana maƙalewa. Ka kuma lura ko nauyin yana tafiya in ka ɗan taka totur. In haka ne, a duba silo, domin injin da aka gyara sau da yawa akan bar shi ƙasa da inda ya kamata, wajen juyi 800 a minti. A kuma ciro bawul ɗin da ke cikin famfo, kusa da inda tiyon matsi yake fita, a wanke shi. Ya kamata ya zame a raminsa da kansa, ƙwayar yashi ɗaya tana iya riƙe shi a buɗe.

Abin da zai yanke hukunci tsakanin famfo da akwati shi ne gejin auna matsin mai. Garejin ƙananan motoci ba kasafai suke da shi ba, amma masu gyaran tarakta da katafila suna da shi, da ɗan bawul na rufewa a jikinsa. Ana ɗaura shi tsakanin famfo da akwati, a bar man ya yi zafi sosai tunda a nan ciwon yake. A jikin famfon akwai ɗan faranti da aka buga iyakar matsinsa, za ka ga 65 ko 82 ko sama da haka, a ma'aunin bar. Karatu na farko, sitiyari a tsakiya ba a taɓa shi ba: allura ta zauna can ƙasa. In ta hau, akwai toshiya a tiyo ko a akwati. Na biyu, a rufe ɗan bawul ɗin gejin, kada ya wuce daƙiƙa biyar: in allura ta kai kusa da lambar farantin, famfo lafiyarsa ƙalau. Na uku, a buɗe, a murɗa har ƙarshen dama a karanta, a murɗa har ƙarshen hagu a karanta. In famfo ya ba da lambarsa amma a ƙarshen murɗawa matsin ya kasa kaiwa, man yana sulalewa a cikin akwati. In gefe ɗaya ne kawai ya gaza, nan ma akwatin ne. Aikin bai wuce na sa'a ɗaya ba. Wannan ƙa'ida ta daƙiƙa biyar ta shafi tuƙinka ma: riƙe sitiyari a ƙarshe yana sa man ya riƙa zagaye cikin famfo yana dahuwa, kuma ɗan sautin da ake ji a nan ba ciwo ba ne. In ka kai ƙarshe, ka ɗan sassauta.

Yoyo kuwa a wanke wurin tas, a bar shi ya bushe, a yi tafiya kaɗan. Ƙurar gari da kanta za ta manne a inda man ya bi ta zana maka hanyarsa, sai ka bi ta zuwa sama, domin inda yake ɗiga ba nan yake fitowa ba. In ya fantsama a kewayen fuli, sil ɗin gaban famfo ne. In daga saman kofi ne, robar murfi ce. A akwati wuri biyu ne, inda sandar sitiyari ta shiga da inda hannun ƙasa ya fito. Duk waɗannan ana sayar da robobinsu a ƙulli ɗaya, kuma ɗigon mai bai isa dalilin jefar da akwati ba. Ruwan gwangwanin da ake cewa yana tsayar da yoyo, kumbura roba yake na ɗan lokaci, ban ba ka shawarar sa ba.

Saura wasa. Tayoyi a ƙasa suna kallon gaba, inji yana aiki, ka motsa sitiyari dama da hagu a hankali har taya ta fara amsawa. Abin da aka yarda da shi a bakin da'irar sitiyarin bai wuce milimita 25 ba, kusan inci ɗaya. In ya wuce, sa wani ya riƙa kaɗa shi kai kuma ka bi da ido da hannu. Fara da mahaɗin roba da ke tsakanin sandar sitiyari da akwati. Sannan ka kalli akwatin kansa ko yana motsi a jikin shasi. Kusoshi uku ne suke riƙe da shi, ana ganin kawunansu ta ramin tayar gefen direba, kuma an san wannan ƙirar da tsagewar shasi a daidai wurin. Sabon fenti yana ɓoye tsaga, don haka a kankare a duba. In ta tsage, aikin ƙwararren mai walda ne da ƙarin faranti, kuma ya riga komai. Daga nan sai kawunan tayarod, da na sandar tsakiya, da bushin ɗin hannun gefen fasinja, wanda in ya ƙare za ka ga hannun yana hawa yana sauka.

Akwai kuma wasan da gyara yake haifarwa. An yi akwatin ne ya fi matsewa a daidai tsakiyarsa, ya ɗan saki a gefe. In mai kujeru ya cire sitiyari ya mayar a karkace, mai alaimen kuma ya daidaita shi ta hanyar tsawaita tayarod ɗaya ya gajarta ɗaya, sai mota ta riƙa tafiya miƙe alhali akwatin yana gefen tsakiyarsa, inda sakin yake. Alamarsa ita ce kwanar dama da ta hagu ba su kai ɗaya ba. Ƙirga juyin daga tsakiya zuwa kowane ƙarshe. A jikin akwatin akwai ramin da ake zura kusa mai tsini ta kulle shi a tsakiya, a nan ake ɗaura sitiyari a miƙe sannan a yi alaimen.

Notin gyara da ke saman akwati shi ne na ƙarshe da za a taɓa, bayan duk waɗancan sun fita. A Marsandi juyinsa saɓanin abin da hannu ya saba ne: in ana son rage wasa, hagu ake juya kusar tsakiya da alanki, kamar ana kwance ta. A sa alama da fenti kafin a fara, a juya kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaure, a gwada a hanya. Tsohon akwati a tsakiya yake gogewa, saboda haka in aka matse shi har wasan tsakiya ya ɓace ƙaf, zai cije a gefe, sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan kwana, haƙoran ciki kuma su ci juna. Ɗan wasa kaɗan ya fi wannan aminci. Ka tambaya ko an riga an taɓa notin, domin in an matse shi don a kashe wasa, shi kaɗai ya isa ya kawo nauyin da kake ji.

In geji ya nuna akwatin yana sulalar da mai ta ciki, a fara da buɗe naka a sa sababbin zobba da sil, a wurin wanda ya taɓa yin irinsa, a kan tebur mai tsabta, yana ƙirga ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki kafin ya mayar. Sai in an matse notin har iyaka wasa bai ragu ba, ko an ga haƙora sun fashe, sannan maganar saye ta taso, ko daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. A duba lambar jikinsa ta yi daidai da ta naka, ya kuma zama na mota mai tuƙin hagu. Hannun ƙasa ma lamba gare shi, kuma wannan yana da muhimmanci domin sai a ƙarshen 1982 kamfanin ya sa sitiyarin mai a duk motocin ƙirar, kafin nan wasu babu shi suka fito, kayansu kuma suna yawo a kasuwa. Tsohon famfonka ma ka karɓo shi ka ajiye, akwai yiwuwar shi za a mayar bayan an sa masa sil.

Bayan an gama, a gwada ta sau biyu a yini ɗaya, da sassafe da kuma bayan azahar. Ka kama hanyar Bodinga ka dawo don man ya yi zafi, ka zagaya shataletalen Gawon Nama ka ji ko sitiyarin yana komawa tsakiya da kansa, sannan ka yi fakin a matsattsen wuri inji yana silo. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. In har nauyin bai tafi ba, ka aiko min da karatun gejin na tsakiya, da na rufewa, da na dama da hagu, tare da lambar da ke kan farantin famfon.